Furannin sa fara'a a ƙaramin gari: hanyar da oda ɗaya take bi kafin ta isa ƙofar gida a Amurka

A ƙananan garuruwan Amurka, irin waɗanda mazaunansu ba su wuce 3,000 zuwa 10,000 ba, akan tarar da shagon furanni guda ɗaya tak a bakin babban titi, yawanci na iyali, da ma'aikata biyu ko uku da mota ɗaya ta kai saƙo. Wannan shago ne yake ƙawata coci ranar ɗaurin aure, shi yake shirya furannin jana'iza, kuma shi ake nema idan wani da yake nesa yana son a kai wa mahaifiyarsa ko gwaggonsa ɗaurin furanni masu haske don ranta ya yi fari. Wannan nazari ya tsaya ne a kan nau'i na ƙarshe, wato furannin da ake aikawa don a gaishe da marar lafiya, ko a yi wa mai jego barka, ko a ɗebe wa tsoho kewa. Lamarin da za a bi diddigi ɗaya ne: mutum yana zaune a babban birni, ya shiga intanet ya biya kuɗi, yana so a kai furanni a ranar wani gida da ke garinsu na asali. Abin da ake son ganowa shi ne wa yake yin aikin, nawa yake isa hannunsa daga kuɗin da aka biya, kuma me ya sa abin da aka kai sau da yawa ba ya kai wanda aka gani a hoto.

Masu sana'ar suna da tsayayyen salo na irin wannan ɗauri. Launinsa rawaya ne da ruwan lemo da fari, kuma akan haɗa shi da wardi rawaya, da furen sanfulawa mai faffaɗar fuska, da jabera, da kaneshan, da ƙananan fararen furanni masu ɗigon rawaya a tsakiya. Ana guje wa jan wardi saboda a can alamar soyayya ne, ana kuma guje wa tarin fararen furanni zalla saboda suna tuna wa mutane jana'iza. Akwai kuma dalilin kasuwa, domin yawancin waɗannan furanni ana samunsu duk shekara, ba su da tsada a wurin sari, kuma wasunsu, kamar kaneshan, suna iya yin mako biyu a cikin ruwa ba su yi yaushi ba. Kamfanin Teleflora, mai haɗa odar furanni tsakanin shaguna, yana da wani samfuri da ya yi suna mai suna Be Happy, wanda kofin tangaran ne rawaya da aka zana wa fuskar murmushi, a cika shi da wardi rawaya da fararen furanni. A 2005 Jeannette Haviland-Jones da abokan aikinta na Jami'ar Rutgers sun wallafa wani bincike inda aka kai wa mata 147 kyauta har gida, wasu furanni, wasu kwandon 'ya'yan itatuwa, wasu kyandir, aka lura da fuskokinsu, sai aka ga duk waɗanda aka miƙa wa furanni sun yi murmushin gaske, irin wanda yake kaiwa har idanu. Ƙungiyar masu sana'ar furanni ta Amurka tana cikin waɗanda suka tallafa wa binciken, don haka mai karatu yana da damar yin taka-tsantsan da shi, amma abin da ya nuna bai saɓa wa abin da kowane direban shagon furanni yake gani a bakin ƙofa ba.

Asalin tsarin

Tsarin da yake ɗaukar irin wannan oda ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A watan Agustan 1910 wasu masu shagunan furanni da ba su kai 20 ba suka haɗu a birnin Rochester na jihar New York ƙarƙashin jagorancin John Valentine, wani mai shago daga Denver, suka kafa ƙungiyar da aka sani da FTD. Matsalar da ta haɗa su a fili take: fure ba ya jure doguwar tafiya a jirgin ƙasa, kuma mai sayen da yake son a kai kyauta wani gari mai nisa ba shi da hanyar da za ta isa da ɗanyenta. Dabarar da suka fito da ita ita ce a bar furen inda yake, a tura saƙo kawai. Mai saye ya biya a shagon garinsu, shagon ya buga wayar tangaraho zuwa wani ɗan ƙungiya a garin da ake so, shi kuma ya haɗa furanni daga nasa kayan ya kai, kamar dai yadda ɗan kasuwa a Kano zai karɓi kuɗi a hannun mutum ya kira abokin hulɗarsa a Agadas ya ce a ba wane kaya, su daidaita lissafi a tsakaninsu daga baya. A 1934 aka kafa kamfanin da ya zama Teleflora a kan irin wannan aiki, kuma daga nan tsarin ya bazu har ya zama da wuya a sami shagon furanni da ba ya cikin ɗaya daga cikinsu.

Rabon kuɗin da aka daɗe ana bi shi ne shagon da ya karɓi oda ya riƙe kashi 20 cikin 100 a matsayin la'ada, ofishin da yake daidaita lissafi ya ɗauki kimanin kashi 7, sauran kashi 73 kuma ya tafi ga shagon da ya haɗa furannin ya kai. A kallon farko mutum zai ga kamar an ƙware wanda ya yi wahala, tunda shi ya sa kayansa da lokacinsa da man motarsa. Abin da ya sa masu shaguna suka yarda da wannan rabo shekara da shekaru shi ne kowane shago yana aikawa yana kuma karɓa. Wanda aka cire wa kashi 20 da safe a kan odar da ta shigo masa, zai ci kashi 20 da yamma a kan odar da ya tura wani gari ba tare da ya taɓa ko ganye ɗaya ba, idan wata ya ƙare sai a ga ɗaya ta maye gurbin ɗaya. Bugu da ƙari, FTD a wancan zamani ƙungiyar gama-kai ce mallakar masu shagunan da kansu, saboda haka abin da ofishi ya cira bai fita daga gidansu ba.

Ko a wancan lokacin ma'aunin bai taɓa daidaituwa sarai ga ƙaramin gari ba, kuma dalilin yana cikin yadda mutane suke ƙaura. Matasa su ne suke barin ƙananan garuruwa su tafi birni neman aiki, iyaye da kakanni su rage a gida, don haka kyauta daga birni take zuwa gari fiye da yadda take fita. Tarihin Ranar Uwa kansa ya fara ne da irin wannan aike: ranar 10 ga Mayun 1908 Anna Jarvis, tana zaune a birnin Philadelphia, ta aika fararen kaneshan 500 zuwa wata coci a Grafton, ƙaramin gari a jihar West Virginia inda mahaifiyarta ta yi zama, kuma a 1914 Shugaba Woodrow Wilson ya tabbatar da ranar a hukumance a Lahadi ta biyu ta watan Mayu. Jarvis ta ƙare rayuwarta tana faɗa da masu sayar da furanni saboda sun mayar da ranar kasuwa, amma hakan bai hana makon ya zama ɗaya daga cikin biyu mafi cika ga kowane shago ba, tare da makon 14 ga Fabrairu, ranar masoya. Shagon ƙaramin gari tun asali mai cika oda ne fiye da mai aikawa.

Abin da ya sauya

A 1994 aka sayar da FTD ga kamfanin zuba jari na Perry Capital, ƙungiyar masu shaguna ta koma kamfani mai neman riba ga masu hannun jari. A daidai wannan zamani kamfanin 1-800-Flowers na Jim McCann ya riga ya nuna cewa ana iya karɓar oda daga duk faɗin ƙasa da lambar waya guda ɗaya ta kyauta, daga baya kuma ta intanet, a 1998 kuma Jared Polis, wanda daga bisani ya zama gwamnan Colorado, ya kafa ProFlowers mai aika furanni a kwali kai tsaye ba tare da shago ba. Sakamakon duk wannan shi ne mai saye ya daina shiga shagon unguwarsu don ya aika furanni wani gari. Kashi 20 ɗin da shaguna suke musaya a tsakaninsu ya koma hannun manyan kamfanoni da wasu 'yan tsakiya da masu sana'ar suke kira masu tara oda, waɗanda ba su da firji, ba su da fure ko ɗaya, abin da suka mallaka shi ne shafin intanet da ɗakin amsa waya da kuɗin sayen talla a saman sakamakon Google. La'adar da aka ƙirƙira don musaya ta zama hanya mai tafiya ɗaya, kuma ƙaramin shago ne yake ƙarshen da ake cira.

Wasu daga cikin masu tara odar sun ƙara da wata dabara da ta jawo ƙorafi mai yawa, wato su sa sunan ƙaramin gari a cikin sunan kasuwancinsu, su sayi lambar waya mai alamar yankin, ta yadda mai saye zai ɗauka da shagon garin yake magana alhali kiran ya tafi wata jiha. Hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ta taɓa jan hankalin jama'a a kan wannan, jihohi da dama kuma sun yi dokar hana mai sayar da furanni ɓoye ainihin inda yake. California ta yi tata a 2012, da tarar da ba ta wuce dala 250 ba, adadin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da cinikin mako ɗaya na Ranar Uwa.

Lissafin oda ɗaya

Don a ga yadda abin yake a zahiri, a ɗauki misali da ƙididdiga mai sauƙi. A ce mai saye ya zaɓi ɗaurin da aka sa wa dala 60 a shafin mai tara oda, da ya zo biya aka ƙara masa dala 15 da sunan kuɗin hidima, jimilla dala 75. Yawancin masu saye suna ɗauka wannan dala 15 kuɗin kai saƙo ne, amma a irin wannan ciniki tana tsayawa ne a hannun wanda ya karɓi odar. Abin da ake turawa ta kamfanin haɗa oda, irin su FTD ko Teleflora, shi ne dala 60. Daga ciki mai tara oda ya cire la'adarsa ta kashi 20, wato dala 12, kamfani ya cire kashi 7, wato dala 4 da santi 20, sai a bar wa shagon gari dala 43 da santi 80. Wannan bai kai kashi 60 cikin 100 na abin da mai saye ya fitar daga aljihunsa ba, kuma a cikinsa ne za a sayi furanni da ganye da mazubi da kati, a biya mai haɗawa, a biya direba da man mota. Ban da haka akwai kuɗin zama ɗan ƙungiya da ake biya duk wata, da kuɗin na'urar karɓar oda, da kuɗin sa suna a kundin shaguna, waɗanda ba sa raguwa ko ciniki ya yi ƙasa.

Mai shago ba ta da hanyoyi da yawa a gabanta. Al'adar sana'ar ita ce a cire kuɗin kai saƙo daga jimillar odar kafin a fara haɗawa, don haka idan kuɗin kai saƙo a garin dala 10 ne, ɗaurin da za a haɗa na dala 50 ne a farashin shago. Ga mai saye, wannan yana nufin ya biya 75 an kai na 50, kuma babu wanda ya yi masa bayani. Idan aka haɗa da cewa hoton da ya gani an ɗauke shi ne an juyo da duk furannin gefe ɗaya suna kallon kyamara, kowannensu ya buɗe sosai, ba abin mamaki ba ne ya ga abin da aka kai ya yi masa ƙaranci. A nan ne rashin adalcin tsarin ya fi fitowa fili, domin sunan da yake jikin katin da kuma motar da ta tsaya a ƙofar gida na shagon gari ne. Wanda ya ci kasonsa ba tare da wahala ba, ba a san shi a garin ba, ita kuwa mai shago za ta haɗu da wadda aka kai wa furannin a kantin cefane ko a coci ranar Lahadi.

Samfuran da suke da mazubi na musamman, irin kofin murmushin da aka ambata, suna da nasu nauyin. Tun bayan da Stewart da Lynda Resnick suka sayi Teleflora a 1979 kamfanin ya shahara da sayar da furanni a cikin mazubin da za a ajiye bayan furen ya bushe, dabarar da ta ƙara wa kyautar daraja a idon mai saye. Sai dai shagon da yake son cika irin wannan oda dole ya sayi mazubin tun kafin oda ta zo, kuma a katan ake sayarwa. A birni katan yakan ƙare da wuri, a ƙaramin gari kuwa yana iya yin watanni a kan kanta, jari yana kwance.

Daga gona zuwa teburin shago

Furannin da mai shago za ta ɗauko daga ɗakin sanyi sun riga sun yi tafiya mai nisa fiye da saƙon da ya nemo su. Kimanin kashi 80 cikin 100 na furannin da ake sayarwa a Amurka daga waje ake shigo da su, mafi yawa daga Kolombiya, sai Ekwado. Noman furanni ya kafu a tudun Bogota tun ƙarshen shekarun 1960 saboda wurin yana da tsayin kusan mita 2,600, da hasken rana daidai wa daida duk shekara da sanyi marar tsanani, sannan dokar Amurka ta 1991 da ta cire haraji ga kayan ƙasashen yankin Andes ta ƙara buɗe masa kasuwa, manoman furanni da yawa a cikin Amurka kuwa suka kasa gasa. Ana yanka furen, a sanyaya shi, a sa a jirgin sama zuwa Miami, inda mafi yawan furannin da ake shigowa da su suke sauka, jami'an kwastan su duba ko akwai ƙwari, daga nan manyan motoci masu firji su kai wa 'yan sari a birane. Ana son furen ya zauna a sanyin da bai wuce digiri 1 zuwa 3 a ma'aunin Salshiyos ba tun daga gona har shago, kuma duk sa'ar da ya yi a cikin zafi tana rage masa kwanaki a gidan wanda aka kai wa.

Ƙaramin gari yana ƙarshen wannan layi. Motar ɗan sari ba kullum take zuwa ba, sau biyu ko uku a mako ne, saboda haka mai shago tana saye ne a kan hasashe, abin da bai fita ba kuma asara ce, wanda shi ya sa ake ninka farashin sari sau uku ko huɗu kafin a sayar. Idan kaya sun iso sai a yanke gindin kowane kara, a cire ganyen da zai nutse a ruwa don kada ya ruɓe, a tsoma a ruwan da aka sa wa sinadari mai ɗauke da sukari da maganin ƙwayoyin cuta, a bar su su sha kafin a mayar ɗakin sanyi, nesa da 'ya'yan itatuwa, domin iskar da nunannun 'ya'yan itace suke fitarwa tana kashe kaneshan da wuri. Idan za a haɗa a kofi ko kwando akan yi amfani da wani koren soso mai riƙe ruwa, wanda V. L. Smithers ya ƙirƙira a 1954 a garin Kent na jihar Ohio. Matsalar ita ce odar da ta shigo da ƙarfe 11 na safe tana neman furen da babu shi a gari sai jibi. Ƙa'idar kamfanonin ta ba da damar musanya fure da wani mai launi da daraja iri ɗaya, kuma gwanar mai haɗawa tana iya fitar da abin da ya fi na hoton kyau, amma mai sayen da ya sa rai da sanfulawa ya ga wani fure daban yakan ɗauka an yi masa ha'inci.

Mil biyar na ƙarshe

Sashen aikin da ba ya fitowa a kowane rasit shi ne kai saƙon. Adireshin da mai saye ya rubuta yana iya zama lambar akwatin gidan waya kawai, ko sunan titin da aka sauya, ko gona mai nisan mil 15 a kan hanyar tsakuwa. A lokacin hunturu, idan sanyi ya kai na ƙanƙara, dole a naɗe ɗaurin gaba ɗaya tun daga ƙofar shago har cikin gida, kuma ba za a ajiye shi a baranda ba domin 'yan mintoci kaɗan sun isa su lalata shi, a lokacin zafi kuma motar da aka rufe a rana tana yin irin wannan ɓarna. Asibitoci da yawa ba sa barin a shiga da furanni sashen kulawa ta musamman, wasu sun hana balan-balan na roba saboda masu rashin jituwa da shi, kuma marar lafiyar da aka aika wa da safe ana iya sallamarsa kafin azahar, dokar sirrin marasa lafiya kuma ta taƙaita abin da ma'aikata za su faɗa wa baƙo.

A nan ne shagon gari yake da abin da babu kamfanin da zai iya saye. Direban ya san cewa tsohuwar da ke gida kaza ba ta jin ƙwanƙwasa ƙofar gaba sai an zagaya ta baya, ya san maƙwabciyar da za a iya bar wa saƙo, ya san malamar makaranta tana aji har ƙarfe uku. Mai shago ta san gidan da yake da kyanwa, don haka ba za ta sa furen lili ba tunda guba ne ga kyanwa, ta kuma san gidan da aka yi rashi makon jiya, inda kofi mai fuskar dariya ba zai dace ba, sai ta kira mai aikawa ta ba shi shawara idan tana da lambarsa. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci, domin odar da ta biyo ta hannun ɗan tsakiya sau da yawa ba ta zuwa da hanyar tuntuɓar mai saye kai tsaye, duk tambaya sai ta koma ta inda odar ta fito. Akwai kuma amana: a garin da kowa ya san kowa, mai shago tana karanta abin da aka rubuta a kowane kati, kuma kasuwancinta ya dogara ne a kan kada ta faɗa wa kowa.

Tun shekarar 2000 Teleflora yake shirya wani mako a watan Yuli mai suna Make Someone Smile Week, inda ake kai kofin murmushin nan kyauta ga marasa lafiya a asibiti da mazauna gidajen kula da tsofaffi da makamantansu. Kamfanin yana ba da kofunan, manoma da 'yan sari su ba da furanni, masu shaguna da 'yan sa-kai kuma su haɗa su kai. Shiri ne mai kyau, kuma waɗanda suke karɓa galibi mutane ne da babu mai aiko musu da komai. Ya kuma nuna abin da lissafin kamfani yake ɓoyewa, domin ko a ranar da aka cire kuɗi daga lamarin baki ɗaya, ba a iya cire mutumin garin da ya san ɗakin da zai shiga.

Abin da ya biyo baya

Ƙididdigar hukuma ta nuna shagunan furanni a Amurka sun haura 27,000 a 1992, amma bayan shekara 20 ba su kai 15,000 ba. Ba la'adar masu tara oda kaɗai ta jawo wannan ba. Manyan kantunan cefane sun shiga sayar da furanni da arha, iyalai da yawa sun koma roƙon a ba da sadaka ga wata gidauniya maimakon a aiko da furannin jana'iza, wanda shi ne cinikin da ya fi riƙe ƙaramin shago, masu shaguna da dama kuma sun tsufa ba su sami magaji ba. Manyan kamfanonin ma ba su tsira ba: FTD, bayan ya sayi kamfanin da ya mallaki ProFlowers a 2014, bashi ya yi masa katutu har ya nemi kariyar kotu daga masu binsa a watan Yunin 2019, kamfanin Nexus Capital ya sayi babban sashensa.

Shagunan da suka rage sun rabu biyu a kan mafita. Wasu sun fice daga kamfanonin haɗa oda gaba ɗaya, suka buɗe nasu shafin intanet, suna sa hotunan abin da hannunsu ya haɗa, suna ƙarfafa wa mai saye ya faɗi kuɗinsa da launin da yake so ya bar wa mai haɗawa zaɓin furen da ya fi kyau a ranar. A irin wannan ciniki dala 75 ɗin misalin baya tana shiga shagon kusan duka, ban da ɗan abin da kamfanin katin banki yake cira, kuma idan aka fitar da dala 10 ta kai saƙo, ɗaurin da zai isa gida na dala 65 ne maimakon 50. Wasu kuma sun tsaya a ciki, amma sun sa mafi ƙarancin farashin da za su karɓa, suna mayar da duk odar da ba za ta biya wahalarta ba. Suna da hujjarsu, domin a watannin da ciniki yake kwanciya, odar da ta shigo ta waya tana motsa furannin da za su lalace a firji, kuma tana ba direban da ake biya ko ya fita ko bai fita ba abin yi. Ficewa tana da tsadarta, tunda shagon mutum uku ba ya iya gasar talla a Google da kamfanin da yake kashe miliyoyi, kuma mai sayen da yake nesa sai ya wuce tallace-tallacen saman shafi, ya duba taswira, ya tabbatar da adireshin titi na gaske, kafin ya gane wane ne shagon gari.

Inda lamarin ya fi tsanani shi ne garin da shagonsa ɗaya ya rufe. Shafin intanet zai ci gaba da karɓar oda zuwa garin, yana alkawarin kaiwa a ranar, sannan kamfani ya shiga neman shagon da zai yarda ya yi tafiyar mil 25 ko 30 a kan dala 43. Idan ba a samu ba, ko dai a soke odar bayan ranar da ake so ta wuce, ko a aiko da furannin a kwali ta kamfanin jigilar kaya, a ajiye a baranda, su iso a tsuke ba ruwa, wadda aka aika wa ta nemo almakashi da kwalba ta haɗa da kanta, ko da kuwa ita ce marar lafiyar da aka so a gaisar.